Faifan Jazz Ɗaya, Bugu Daban-Daban: Me Ke Raba Sautinsu, Me Ke Raba Farashinsu?

A shekarar 2022 an sayar da faya-fayan garmaho kusan miliyan 41 a Amurka, alhali na CD ba su wuce miliyan 33 ba, kuma tun 1987 ba a ga tsohon faifai ya sha gaban wanda aka ƙirƙiro domin ya gaje shi ba sai a wannan shekarar. A cikinta ne kuma wata taƙaddama ta tashi a kan kamfanin Mobile Fidelity, bayan da ta bayyana cewa faya-fayansa masu tsada, waɗanda masu saye suka ɗauka daga tef na asali aka yanko su kai tsaye, sun bi ta kwamfuta kafin su hau faifai. Waɗannan labarai sun iso ga masu sha'awar kiɗan jazz a Zariya, musamman matasan da suka fara buɗe kwalayen da iyayensu suka ajiye a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada, kuma sun zo da ruɗani. Mutum zai ga kundi ɗaya na makaɗi ɗaya, hoton bango iri ɗaya, waƙoƙin ciki iri ɗaya, amma wani kwafi ana sayar da shi 'yan daloli, wani kuma dubban daloli. Tambayar ita ce ko wannan tazara ta farashi tana nufin tazara a sauti.

Yadda kiɗa ke hawa faifai

Kafin a fahimci gardamar, sai an san matakan da kiɗa ke bi. Yawancin jazz ɗin da ake farauta an ɗauke shi ne tsakanin shekarun 1950 da 1960 a kan tef mai maganaɗisu, kuma wannan tef na farko shi ne uwar kowane kwafi da zai biyo baya. Daga tef ɗin, injiniyan yanka yakan tura sautin zuwa wata na'ura mai kaifin baki, wadda ke tsaga siririn layi mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan farantin alminiyom da aka shafe da wani sinadari mai taushi. A nan ne injiniyan yake yanke shawarar yadda ƙarfin sautin zai kasance, da yawan amo mai kauri da zai bari, da yadda zai sassauta amo mai kaifi domin kada allura ta kasa bin layin. Injiniyoyi biyu da aka ba tef ɗaya ba za su fitar da faranti iri ɗaya ba.

Farantin da aka yanka ba ya jure bugu, saboda haka ana lulluɓe shi da ƙarfen nikel a ciro kishiyarsa, daga ita a ciro wata da ake kira uwa, daga uwar kuma a ciro hatiman ƙarfe. Hatimi biyu, ɗaya na kowane gefe, su ne ke matse curin roba mai zafi ya zama faifai. Kamar yadda hatimin ofis yake dushewa idan an daɗe ana buga shi, haka wannan ma yake gajiya, don haka faifan da ya fito a farkon aikin hatimi yakan fi wanda ya fito a ƙarshensa tsabtar layi. Abin da masu tarawa ke kira bugu shi ne dukan wannan jeri: wane tef aka yi amfani da shi, wa ya yanka, a wace masana'anta aka matse, da wace irin roba, a wace shekara.

Dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948, RCA Victor ya biyo da ƙaramin mai juyi 45 a 1949. Kafin su akwai mai juyi 78, mai nauyi da saurin fashewa, wanda dattawa suka sani da garmahon da ake wana shi da hannu. A 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni ɗaya na rage amo mai kauri da ƙara mai kaifi wajen yanka, na'urar saurare kuma ta mayar da su daidai. Faya-fayan da aka yanka kafin wannan yarjejeniya suna iya fitowa da siririn sauti ko mai duhu a na'urar zamani, ba don sun lalace ba.

Bugun farko da alamominsa

Babu kamfanin da ake bin diddigin bugunsa kamar Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a birnin New York a 1939. Injiniyan da ya ɗauki mafi yawan fitattun kundayensa shi ne Rudy Van Gelder, likitan gwajin ido da ya fara aiki a falon gidan iyayensa a Hackensack, kafin ya koma ɗakin ɗaukar sauti da ya gina a Englewood Cliffs a 1959. Shi ne yake ɗauka, shi ne kuma yake yanka, abin da ya sa ake samun haruffan sunansa a filin da ba shi da kiɗa, tsakanin waƙar ƙarshe da tambarin tsakiya. A wannan fili ne masu tarawa ke neman wata 'yar alama mai kama da kunne, wadda ke nuna cewa masana'antar Plastylite ce ta matse faifan. Suna kuma duba adireshin da ke kan tambari, ko Lexington Avenue ne, ko West 63rd Street, ko New York kawai, domin kowane adireshi yana nuna zamaninsa. Bayan da kamfanin Liberty ya sayi Blue Note a tsakiyar shekarun 1960, alamar kunnen ta ɓace.

Abin lura shi ne waɗannan alamomi suna faɗin lokaci da wurin da aka yi faifai ne, ba sa faɗin yadda zai yi amo a yau. Wasu kwafin zamanin Liberty an matse su ne daga ƙarfen da Van Gelder ya yanka tun farko, don haka sautinsu yana kusa ƙwarai da na bugun farko, amma farashinsu bai kai ko kusa ba. Kundin Hank Mobley mai lamba 1568 a jerin Blue Note yana kai dubban daloli ne saboda kaɗan aka buga, kaɗan kuma suka tsira da lafiyarsu. Ƙarancin abu ne ake biya a nan, da tarihinsa.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu fifita bugun farko suna da hujja mai ƙarfi. A lokacin da aka yanka faifan, tef ɗin sabo ne, bai sha juyi ba, bai zauna shekaru sittin a ɗakin ajiya ba. Tef yana tsufa: yana iya rasa wani abu na amo mai kaifi, yana iya ɓarewa a wasu wurare. Ban da haka, wanda ya yanka shi ne wanda ya ji makaɗan a ɗaki, kuma mai kamfanin ya saurara ya amince. An san Van Gelder da yanka mai ƙarfi, wanda ke sa ƙahon busa da saksofon su fito gaba kamar suna cikin ɗakin, kuma masu wannan ra'ayi suna cewa wannan shi ne sautin da aka nufa. Suna ƙarawa da cewa wasu tef ɗin ma babu su. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a watan Yuni na 2008 ta cinye tef masu yawa, kodayake kamfanin ya musanta girman asarar da jaridar New York Times ta ruwaito a 2019. Inda uwar tef ta salwanta, tsohon faifai mai lafiya shi ne mafi kusa da asali.

Masu fifita sabon bugu su ma ba da baki kawai suke magana ba. A shekarun 1950 ana yanka faifai ne da tunanin garmahon talaka mai nauyin hannu da allura marar kyau, don haka injiniya yakan rage amo mai kauri ya kuma matse tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai taushi, domin kada allura ta yi tsalle. Injiniyan yau ba shi da wannan takura. Jerin Tone Poet da Blue Note ya fara a 2019, wanda Kevin Gray yake yankawa daga tef na asali, yana fitar da faɗin sauti da zurfin bes da tsohon bugu bai cika bayarwa ba, a kan roba mai shiru wadda babu wanda ya taɓa ɗora wa allura. Akwai kuma kurakuran da bugun farko ya ɗauko. Sanannen misali shi ne Kind of Blue na Miles Davis, na 1959: na'urar da ta ɗauki waƙoƙin gefen farko tana gudu ƙasa da ƙa'ida, saboda haka bugun sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, ya yi shekaru fiye da 30 yana fitowa da ɗan sauri da ɗan ɗaga murya, sai a 1992 aka gyara.

Idan aka auna hujjojin, abin da ya fito shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya a kan wasu kundaye, ba a kan duka ba. Tsufa kaɗai ba shaida ba ce. Bugun Amurka na tsakiyar shekarun 1970, bayan tashin farashin man fetur na 1973, da yawa an yi su da siririyar roba ko wadda aka narkar aka sake amfani da ita, kuma suna da ƙara ko da ba a taɓa saurarensu ba. Nauyi ma ba shaida ba ne: faifai mai giram 180 ya fi daɗin riƙewa, ya kuma fi zama daram, amma zurfin layinsa daga yanka yake, ba daga kaurin robar ba.

Abin da taƙaddamar 2022 ta fallasa

Mobile Fidelity ya yi suna da wani salon bugu da ake tsallake matakan uwa, a ciro hatimi kai tsaye daga farantin da aka yanka, domin a rage asarar da kowane kwafi yake jawowa. A watan Yuli na 2022 wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix ya tayar da zargin cewa kamfanin yana juya tef zuwa dijital kafin yanka, injiniyoyin kamfanin kuma suka tabbatar, har ta bayyana cewa an fara hakan tun 2011. Masu saye suka kai ƙara, aka sasanta a kan yarjejeniyar da aka ƙiyasta darajarta ta kai kusan dala miliyan 25.

Dalilin kamfanin ba na banza ba ne. Masu mallakar tef ba sa son ya bar ma'ajiyarsu, kuma wannan salon bugu yana buƙatar a yanka faranti sau da yawa, wanda da tef ɗin ake juyawa kowane karo da ya sha wahala. Su kuma masu saye ƙorafinsu a kan gaskiyar ciniki ne: sun biya kuɗi mai yawa a kan wata sifa da kayan ba su da ita. Amma akwai abin da ya wuce shari'a. Shekaru da dama masu sharhin sauti suna yabon waɗannan faya-fayai a matsayin shaidar fifikon analog, wato sautin da bai bi ta kwamfuta ba, ba tare da kunnensu ya gano matakin dijital ɗin ba. Wannan ya nuna cewa ƙwarewar mai yanka da lafiyar tef sun fi tasiri a kan abin da kunne ke ji fiye da kalmar da aka rubuta a bango.

Mono, sitiriyo, da bugun wasu ƙasashe

Faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai a 1958, kuma har zuwa wajen 1968 kamfanoni suna fitar da kundi ɗaya a nau'i biyu, mono mai hanyar sauti ɗaya da sitiriyo mai hanya biyu. A sitiriyon farko sau da yawa akan tura mai busa can hagu, mai ganga can dama, tsakiya ta zama fili, shi ya sa wasu suka fi son mono na wannan zamanin. Wanda ya kamata a guje wa shi ne sitiriyon jabu, wato ɗaukar mono da aka raba ta da dabarar lantarki a ƙarshen shekarun 1960, kuma yawanci an rubuta hakan a bango.

Bugun Japan na kamfanonin King da Toshiba, na ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, ya yi suna da roba mai shiru da kulawar masu shi, kodayake yawanci daga kwafin tef aka yanka shi, ba daga uwar ba. Wanda ya fi yaudarar sabon mai saye shi ne wani rukunin bugun Turai mai araha. A dokar Tarayyar Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, saboda haka kowane kamfani yana iya buga shi ba tare da izini ba. Irin waɗannan kamfanoni ba su da hanyar kaiwa ga tef na asali, kuma da yawansu daga CD suke kwafa. Faifan sabo ne, bangonsa yana sheƙi, amma bai ƙara komai a kan abin da ke cikin waya ba. Rashin tambarin kamfanin asali, ko sauya hoton bango, alama ce da ta isa a tsaya a duba.

Yadda ake gwada bugu biyu da adalci

Gwaji ba ya inganta sai an kawar da abubuwan da ke yaudarar kunne, kuma babbansu shi ne ƙarfin sauti. Faifan da ya ɗan fi ƙara kusan kullum shi ake ji kamar ya fi kyau, don haka sai an daidaita ƙarfin biyun tukuna. A wanke su duka, a yi amfani da na'ura ɗaya da allura ɗaya, a zaɓi gajeren wuri ɗaya a maimaita. Fiyano yana tona asirin faifan da raminsa bai zauna a tsakiya ba, domin doguwar murya takan yi rawa. Farantan ƙarfe na mai ganga suna nuna ko layi ya cinye, domin maimakon ƙara mai tsabta sai a ji shuu. Waƙar ƙarshe ta kowane gefe ita ce jarrabawa mafi tsanani, saboda kusa da tsakiya layin yana wucewa ƙarƙashin allura a hankali, sautin kuma a cushe yake. Idan da hali, wani ya riƙa sauya faifan ba tare da mai saurare ya gani ba, domin sanin farashi yana shiga kunne.

Akwai abin da ido ba ya gani. Tsohon faifai yana iya sheƙi babu ko ƙarzuwa ɗaya, alhali wata allura mai dakushi ta riga ta cinye bangon layinsa shekaru hamsin da suka wuce, kuma wanki ba ya gyara wannan. Matakan lafiyar faifai da masu sayarwa ke rubutawa a dandalin Discogs da makamantansa yawanci da ido aka yanke su.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye a Zariya

Gardamar Amurka da Japan ta ginu ne a kan zaton cewa na'urar saurare tana aiki daidai, kuma a nan ne yanayinmu ya bambanta. Wutar Amurka tana zuwa da ƙarfin volt 120 da bugawa 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce da bugawa 50. Yawancin tsofaffin na'urori masu bel suna ɗaukar saurinsu ne daga wannan bugawa, saboda haka wadda aka ƙera domin Amurka, ko an sa mata taransifoma, za ta juya ƙasa da ƙa'ida da kashi ɗaya cikin shida, sai an sauya mata ƙarfen da bel ke hawa. Ƙaramin janareto kuma bugawarsa tana hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, kiɗan ya riƙa bin sa. Na'urar da ke daidaita saurinta da kanta ta hanyar lantarki ta fi dacewa da mu. Wanda garmahonsa ke gudu ba daidai ba, ko allurarsa ta wuce wa'adinta, ba zai ji bambancin da ke tsakanin bugun 1959 da na 2019 ba, kuma kowane juyi yana rage darajar faifansa. Allurar lu'ulu'u takan yi aikin sa'o'i 500 zuwa 1,000, nauyin da take ɗora wa layi kuma a yawancin na'urori bai wuce wajen giram 2 ba. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan hannun garmaho domin hana tsalle ta kashe faya-fayai da yawa.

Sai yanayi. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura, ƙurar kuma ta zauna cikin layi, allura ta niƙa ta. A bazara zafin Maris da Afrilu, musamman cikin rufaffiyar mota ko ɗakin kwano marar silin, ya isa ya lanƙwasa faifai. Da damina kuma danshi yana kawo fumfuna a bango. Faifai a tsaye ake ajiye shi, ba a jibge ba, cikin rigarsa ta ciki, nesa da rana da bangon da ke tsatsafo. Ana wanke shi da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layi. Mai juyi 78 kuwa ba a kusantar da shi da sifirit, domin yana narkar da shi, kuma allurarsa daban ce.

Ta fuskar kuɗi, tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake saye da dala ya yi nisa, ga kuɗin aiko da kaya da na kwastan, ga wuyar mayar da faifan da ya iso a lanƙwashe. Ga wanda sauraro ne burinsa, sabon bugu mai izini daga kamfanin asali, ko tsohon maimaici mai lafiya irin jerin Original Jazz Classics da kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980, ya fi ba da sauti a kan kowace naira. Farautar bugun farko daga nesa ta fi dacewa da wanda tarihin abin yake nema, ya kuma san haɗarin.

Abin da ke kusa da gida

Zariya tana da nata gurbi a wannan tarihi. Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, wanda Van Gelder ya ɗauki kundinsa Eastern Sounds a 1961, ya zauna a nan daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani, kuma a 1983 ya ɗauki kiɗa a Najeriya tare da makaɗan ƙasar. Jami'ar da aka buɗe a 1962 ta tara malamai daga ƙasashe da dama, ɗalibai kuma sun je karatu Ingila da Amurka sun dawo da kaya, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da bugun Ingila ko na Amurka a kwalin wani gida.

A cikin irin waɗannan kwalaye, jazz yakan zauna ne tare da faya-fayan da aka matse a Legas a zamanin EMI da Decca da Philips, na haylayif da afrobit da na makaɗan Hausa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. A kansu lissafin ya sha bamban. Kundin Blue Note yana da tef a ma'ajiya da bugu iri-iri a kasuwa, wanda ya rasa ɗaya zai sami wani. Yawancin ɗaukar Najeriya kuwa tef ɗinsu ya ɓace bayan da kamfanonin suka rufe ko suka sauya hannu, har kamfanonin Turai da ke sake fitar da su sukan koma ga tsohon faifai mai lafiya su kwafa daga gare shi. Tun shekarun 2000 dillalai daga waje suke zagaya kasuwannin Afirka ta Yamma suna saye. Duk wanda ya gaji kwali a gida, kafin ya amsa tayin mai saye a dunƙule, ya dace ya rubuta sunan kowane faifai da lambarsa da ƙasar da aka buga shi, ya karanta abin da aka kafta kusa da tambari, ya binciki farashin da aka sayar da irinsa, sannan ya ɗauki sautin na gida a kwamfuta da allura mai kyau kafin faifan ya bar hannunsa.